Ƙusa a Bututun Birki

Yau wani direba ya kawo a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, birkin baya na yoyon mai. Ya ce, "Maigida, toshe bututun da ƙusa, birkin gaba ya isa." Sai na tuna Kawu, wanda ya koya mini kanikanci a Tudun Wada. Ran da aka ce masa haka, lakato man ya yi ya shinshina, ya ce mini, "Ɗana, gangaren Doguwa birkin baya yake tambaya." Daga baya, a gangaren nan wata motar masara da ya hau ta kife da shi, ya rasu. Bayan hatsarin, da hannuna na zaro ƙusa daga bututun birkinta.

Na ce wa direban, "Ba a garejin nan ba."

Allah Ya haskaka makwancinka, Kawu.