Zanin da Na Musanya da Baho

Bayan rasuwar matata, 'yan'uwanta suka kwashe kayanta masu kyau, suka bar mini tsofaffin zannuwa a buhu. Wata uku buhun yana bayan ƙofa. Ranar da na ɗauke shi zan kai bola, sai ga matar nan mai yawo da robobi, tana musayarsu da tsofaffin kaya. Ta zazzage buhun a tsakar gida, tana ɗaga kowane zani tana yatsina fuska. Na ji kamar in kwaɗa mata mari. Ta ba ni baho ɗaya ta wuce.

Da kaka, a kasuwar Lafiya, na hango zani kore mai ƙuna a gefe, a jikin wata mai doya daga Doma. Ni na ƙona shi da dutsen guga, har muka kwana biyu ba ma magana da marigayiya.

"Oga, guda nawa?" in ji mai doyar.

Na sayi biyar ban taya ba, ni da ba ni da mai daka mini sakwara. Na daɗe ina laluben aljihu, don kawai in ƙara ganin zanin yana motsi.