Takarkarin Iya da Motar Babanmu

A gidanmu na Dandamisa ba a kashe wutar tuwo da wuri. Da an sauke tukunya, sai kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura busasshen ɓawon rake a wuta, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini, amma akwai guda da ta ƙi barina, wataƙila don ba mu aka yi wa ita ba.

A shekarar ce Babanmu ya sayi tsohuwar a-kori-kura a hannun wasu Turawan aikin gona da za su koma ƙasarsu. Mota ce mai ban mamaki: ba ta da kuloci, ita ke canja giya da kanta. Har daga Likoro ake zuwa kallonta. Baba bai iya tuƙi ba. Ƙanensa Baffa Isa, autan Iya, shi ne direba, shi ne kuma bakanike, don ya daɗe a gareji a Zariya. Nufin Baba shi ne a ɗaura mata tirela a baya, ta riƙa jan mazarƙwailar garinmu zuwa kasuwar Hunkuyi duk mako.

Wata rana da la'asar Baffa ya shigo tsakar gida da farin ƙyalle a hannu, ya durƙusa gaban Baba.

"Yaya, dubi man giyarta. Ja ya kamata a gan shi, ga shi ya yi baƙi, yana warin ƙuna. Ka ba ni kwana huɗu. In juye shi, in wanke matacinsa, in je Zariya in samo ƙaramin lagireto in ɗaura a gaba, ya riƙa sanyaya man. Irin wannan giya zafi ne ke kashe ta, balle za ta ja kaya."

"Jibi kasuwa," in ji Baba. "Na riga na faɗa wa mutane a ƙofar masallaci. Motar da ta ɗauki Bature ba ta gaza ba, sai mazarƙwaila?"

"Bature shi da akwatinsa kawai ta ɗauka, Yaya."

"To, kai ka saye ta ko ni?"

Baffa ya naɗe ƙyallensa ya fita.

Iya na bakin ɗakinta tana kaɗi, ta ji komai. Amma Baba ɗan farinta ne. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Saboda haka bayan magariba, Baba na kan tabarma yana cin tuwo, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

"Ta iso mu ji, Iya."

Wai wani falke ne ya sayi takarkari wurin wani tsohon makiyayi. Sa ne da ba ya bukatar igiya ko sanda. In ya ga tudu sai ya rage tafiya da kansa, in ya ga fili ya ƙara. Makiyayin ya ce masa abu ɗaya kawai san yake so: duk rafin da aka isa, a sauke masa kaya ya sha ruwa ya huce. Falke ya ga sa ba ya kuka, ba ya tirjiya, sai ya ƙara masa gishiri kan kanwa. Ya karɓi kayan maƙwabta ma ya ɗora, don a ce wane ya yi dabba. Suka isa rafin farko, ya ce sai na gaba. Suka isa na biyu, ya ce rana ta yi. A gindin wani tudu sa ya durƙusa, bai sake tashi ba. Da mutane suka taru, falke ya rantse cewa makiyayi ne ya cuce shi.

"Iya, to me ya hana san ya yi kuka?" na tambaye ta.

"Ke dai, 'yar nan. Mai haƙuri ba ya kuka, faɗuwa yake yi." Ta tura itace a wuta. "Nan ta tsaya. Mai kunne ya ji."

Baba ya wanke hannu, ya ce wa mahaifiyarmu a kai yara su kwanta.

Ranar kasuwa aka cika motar, aka cika tirela har sai da aka ɗaure da igiya. Abin da ya faru a hanya daga bakin waɗanda suka bi su muka ji. Sau biyu Baffa ya nemi a tsaya ta huce, Baba na zaune kusa da shi ya ce a wuce, kada kasuwa ta ci babu su. Sun fita daga yashin wani rafi za su hau tudu, sai wari ya cika motar, inji na ruri, ƙafa ba ta juyawa. Giya ta ƙone. A gaban masu kaya da masu wucewa Baba ya ce Isa ne ya kashe ta da gangan don ba a bi maganarsa ba, ya kuma mare shi. Magidanci mai gemu, mai 'ya'ya biyu.

Baffa ya dawo da ƙafa. Ya durƙusa gaban Iya ya daɗe, ban ji abin da suka ce ba. Kashegari ya kwashi iyalinsa ya tafi Kaduna, daga can aka ce Jos. Bai ƙara kwana a gidanmu ba. Shanu ne suka jawo motar gida, ta zauna bayan rumbu kaji na ƙwai a cikinta. Bayan shekara huɗu Iya ta rasu tana tambayar ko Auta ya iso. Ya iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Na daɗe ina ɗora laifin duka a kan Baba, kuma har yau ban sauke masa ba. Sai da na yi jikoki na fara jin wani ɗaci daban. Iya ta san gaskiya sarai, tana da ikon da babu wanda ke da shi a gidan nan. Da ta miƙe ta ce, "Ka ji maganar ƙanenka," da ko bai so ba sai ya bi, don uwa ce. Amma ta naɗe gaskiyar cikin tatsuniya ta miƙa wa yara, mu da ba mu da ta cewa. Ta kiyaye kunya, ta rasa ɗa.

Ni ma ina da ɗan fari. Ina kiran sunansa, in ya karkace ina faɗa masa ido da ido. Tsofaffin unguwarmu suna cewa ba ni da ta-ido. Su yi ta faɗa. Ba su ga yadda Iya ta mutu tana kallon ƙofa ba.