Dattijo da Gangar Makaranta

A tashar motar garin Isa, gindin wani iccen dogon yaro, wani dattijo yana zaune da ganga bisa cinyarsa, irin wadda ake kaɗa wa 'yan firamare fareti da safe. Fatarta ta tsage. Rigarsa ta sha wanki, furfura ta cinye gemunsa. Ban san shi ba, amma ina zaton malami ne daga wajen Turba.

Idanunsa a lumshe, yatsunsa na bugun bakin gangar a hankali. Wataƙila can cikin ransa yara sun yi layi, ƙafafu na tashi tare, har wanda karatu ke ba wuya ya haddace darasi don an sa shi a waƙa.

Sai ga wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabansa. "Baba Malam, ina zuwa da ita? Ba rufe makarantarku take ba tun shigowar 'yan bindiga?"

Dattijon ya buɗe ido. "Rufe take, ɗana. Za ni kai a sake mata hwata. Ran da yaran nan suka dawo, da mi za ni tarbe su?"