Hannun Daman Baba

A fadamar Gulma ciwon ya kama Baba, yana tsaye cikin shinkafa da lauje a hannu. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki kamar tsumma. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Muna cikin jihar Sakkwato tukuna, hutun kwana uku ma sai takarda ta sha yawo. Ban tsaya jiran takarda ba, na faɗa motar Argungu, inda aka kwantar da shi a asibiti.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. A ɗakin maza akwai wata nas, Kirista 'yar Filato, gajeriya mai faɗan tsiya, kowa Sista yake ce mata. Ranar farko na ji na tsane ta. Inna na ɗura wa Baba fura yana kwance rigingine, sai ga Sista ta fizge ludayin.

"Mama, so kike ya shaƙe? Ai maƙogwaronsa ma ya yi rauni!"

Ta tada shi zaune, ta tokare shi da matasai. Ita ta koya mana a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a ba shi kunu mai kauri maimakon tsararo, a kuma leƙa kumatunsa ko abinci ya maƙale. Duk muka iya. Abin da ya gagare mu shi ne Baba ya ci.

Sista ta sa masa cokali a hannun hagu, ya sake shi ya faɗi ƙasa. Da kyar maganarsa ke fita, amma wannan kowa ya ji ta: "Hauni? Ni?" Mutumin da ko goro ka miƙo masa da hagu sai ya bar ka da hannu a sama. An kira limamin garinmu ya ce masa lalura ce, babu laifi, Baba ya rufe ido. In kuwa mu muka kai masa cokali baki, sai ya juya fuska bango, wai shi ba jariri ba ne. Kwana huɗu haka, yana ta zubewa a gabanmu, har likita ya fara zancen sa masa roba ta hanci. Haushinsa ya ishe ni, ga shi ba dama in yi wa uba tsawa. Bayan ɗakin na zaga, gindin dogon yaro, na yi kukana.

Da safe Sista ta kira ni. "Malama, zo nan, zauna ta damarsa." Ta buɗe yatsun hannun da ya mutu, ta sa cokali a ciki, ta kamo hannuna ta naɗe a kan nasa.

"Baba, da damarka za ka ci. Malama rakiya kawai za ta yi."

Ni ce 'yar fari, kunya ce tsakanina da shi tun ina ƙarama. Ban san ranar da na taɓa riƙe hannunsa ba. Na ji shi da nauyi, da sanyi, da kantar lauje. Baba ya daɗe yana kallon hannun. Can leɓensa ya motsa da bisimilla, muka ɗaga tare. Rabin kunun a riga ya ƙare, amma rabi ya shiga.

Hannun bai tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Shekara uku ya yi a gidana a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, kullum kafin in tafi makaranta muna zaune a tabarma, kafaɗa da kafaɗa, da kwanon kunun gero. Wallahi ina kewar safiyoyin nan, har da mitarsa in tsamiya ta yi yawa. Sista kuwa aka yi mata canjin wurin aiki, ban ko samu na yi mata godiya yadda ya kamata ba.

In mutanen Gulma suka zo dubiya suka tarar muna ci, sai Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ni da hannuna nika ci. Ku tambayi ɗiyag ga."

In ce, "Gaskiya ne, Baba." Sai mu ɗebo wani cokalin.