Bakwai ɗin Mai Allura

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin rigakafi na ƙaramin asibitin unguwa, ɗaki mai benci biyu da sikelin auna jarirai da firjin magani mai kuka kamar zai mutu. Kowa Mai Allura yake kiran ta, har mijinta idan ya so tsokana. Gajeruwa ce, ga fara'a, hannunta kuma ba ya rawa.

Makaminta waƙar ƙirga ce da ta koya wurin kakarta. Yaro na kan cinyar uwarsa sai ta fara: ɗaya, ɗan tsako ya fito, biyu, ya bi bango, uku, ya ga tukunya, huɗu, ya hau kai, biyar, ya buɗe baki, shida, ya sha ruwa. A nan takan ɗauke numfashi ta soka allura, yaro ya tsala ihu, ita kuma ta ɗora daga takwas tana shafa masa cinya: takwas, ya taka a guje, tara, ya tarar da uwa, goma, ya goge baki.

Ranar da babbar 'yarta ta zo da jika ta roƙe ta ta rera waƙar don ta ɗauka a waya, sai Mai Allura ta kai shida ta tsaya cak. Ta sake daga farko, ta sake tsayawa. Ashe shekarun da ta yi tana shiru a wurin sun cinye bakwai ɗin.

Abin ya tsaya mata a rai. Ta tambayi yayanta, tsohon direba, ya ce shi ko sunan maƙwabcinsa sai ya yi tunani. Ta tari kafintan bakin titi, wanda ita ta yi masa allura yana goye, ya ce ai shi ne mai ihun, ina ya ga kunnen sauraro. Mijinta kuwa kullum da irin tasa. Yau ya ce ɗan tsakon ya yi gyatsa, gobe ya ce ya nemi ƙari. Takan harare shi ta ce wanda ya yi gyatsa me zai sa shi gudu.

Wata Laraba da hantsi, layi ya kai ƙofa, wata tsohuwa ta shigo da jikanyarta. Mai Allura ta fara waƙa yadda ta saba. Tana kaiwa shida ta ɗauke numfashi, sai tsohuwar ta karɓe da siririyar murya tana jijjiga yarinyar:

"Bakwai, baƙar mage ta leƙo."

Allura ta shiga ta fita, Mai Allura ta tsaya riƙe da auduga, baki buɗe.

"Iya, sake faɗa don Allah."

Tsohuwa ta sake. Mai Allura ta yi dariya har da hawaye, ta jawo biro ta rubuta a bayan hannunta, ta ce shi ya sa ɗan banzan tsakon yake gudu. Ta tambayi tsohuwar inda ta koya, ta ce wurin yayarta ne, tun suna wasa a tsakar gida.

"Amma 'yata, ni ma taimake ni," in ji tsohuwa. "Tara ce ta ɓace mini. Daga takwas nake tsallakawa goma."

Mai Allura ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, suka ɗauko waƙar daga ɗaya, yarinyar na tsakaninsu ta daina kuka tana bin su da ido. Sai da suka rera sau uku kafin wata uwa daga benci ta yi gyaran murya ta ce, da sun gama da tsakon, ga nata ɗan yana jira.