Burtsatsen Unguwarmu a Bayan Katanga

Shekarun baya, lokacin da tashin hankali ya koro mutanen Mubi da Michika zuwa Yola, kusan babu gidan da bai cika ba a unguwarmu ta Dubeli. Mu ƙanwar maigidana ce ta zo mana da 'ya'yanta, daga su sai kayan jikinsu. Maƙwabciyata kuwa, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, cocinsu ne ya raba musu baƙi, ita ma aka ba ta iyali guda. Abinci ana lallaɓawa, kwana a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abin da ya gagare mu shi ne ruwa. Famfon layinmu ya daɗe da mutuwa, masu tura kurar ruwa sun ga kasuwa sun tsauwala, ga zafin Jimeta wanda ba sai na ba ku labarinsa ba.

Ana cikin haka aka ce gwamnati ta ba mazaɓarmu burtsatse mai aiki da hasken rana, kuma kansilanmu ne zai nuna inda za a haƙa. Ranar har guɗa aka yi. Kansilan nan a gabanmu ya girma, Adda, wato yaya da Fulatanci, yake ce mini tun yana yaro. Mutum ne mai ibada, ba a taɓa jin ya ci na wani ba, wannan kam shaida ce zan ba shi har gobe. Akwai wani fili a bakin layi kusa da mai injin niƙa, kowa ya ɗauka nan za a kafa.

Sai muka wayi gari motar haƙa ta shige harabar masallacin unguwa.

Da farko ban ga aibu ba, har ina ce wa Malama ai ruwa ruwa ne, ko ina yake za mu ɗiba. Na manta zamanin da muke ciki. Tun da aka fara kai hari wuraren ibada, an zagaye masallacin da katanga, an sa ƙofar ƙarfe, ba a buɗewa sai lokacin salla. Matasa na tsaye suna caje kowa. Jarka ba ta shiga, bokiti ba ya shiga, mace kuwa ko kusa da ƙofar ba a so ta tsaya. Ban ga laifinsu ba, cocin su Malama ma haka aka tsare shi. Amma sai ga shi ruwa ya zo unguwa, mu masu girki da wanki muna hangen tankinsa daga nesa. Abin da ya fi ƙona mini rai, idan rana ta take, tankin ya cika ya tumbatsa, kana jin ƙarar zubarsa, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya gangara kwata. Mu kuma muna gida muna auna ruwan wanke shinkafa.

Buta kaɗai aka yarda a shiga da ita. Sai maigidana ya tafi kasuwa ya sayo butoci biyu, irin manya-manyan nan. Kowace salla ya shiga da su wayam, ya fito yana rangaji. Har abokansa suka sa shi gaba, wai, "Alhaji, wannan alwala ce ko wankan gawa?" Ni kuma ina bakin zaure ina jira, ko addu'ar bayan salla ya tsawaita sai in ji haushi. Allah ya yafe mini, a watannin nan ban taɓa barin bawan Allahn nan ya makara sallar asuba ba, kuma ba don ladansa nake tashinsa ba.

Gidan Malama babu mai shiga da buta. Ina ɗan tsakura mata, amma me buta za ta yi wa gidaje biyu? Sai suka koma wata tsohuwar rijiya a bayan layi. Ba a daɗe ba 'yar baƙinta, yarinya ƙarama, ta kama amai da gudawa, har aka kwantar da ita a asibiti. Ranar da aka sallamo yarinyar, Malama ta shigo gidana ko zama ba ta yi ba.

"Maman 'yan biyu, tashi mu je wurin ɗan'uwanki."

Na ce, "Wane ɗan'uwan nawa?"

"Honorabul mana. Ba ku ne alƙibla ɗaya ba? In na je ni kaɗai, kafin yamma za a ce coci ya zo faɗa da masallaci."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni da ko cinikin tumatir ba na iya ja, ni ce zan je gaban kansila? Na tuna idon yarinyar nan yadda ya faɗa, na ɗauki mayafina.

Mun same shi a falonsa, mutane cike. Ya tashi da fara'a, "A'a, Adda, jabbama! Malama, sannu da zuwa." Na gaishe shi, na yi bayani a hankali. Ya saurara, ya gyara hula, sai ya shiga yi mana wa'azi.

"Adda, kin san ladan wanda ya shayar da masallata kuwa? Duk wanda ya yi alwala da ruwan nan, ko bayan raina, ina da rabo. Sadaka ce mai gudana. Kujerar nan ta kwana nawa ce? Gara in aika wani abu gaba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Honorabul, ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ban yi nisa ba. Amma na san sadaka da abin hannun mutum ake yin ta. Tankin nan kuwa tambarin gwamnati na gani a jikinsa."

Wani cikin 'yan rakiyarsa ya ce, "Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ɗakin Allah kike yi wa ƙyashi?"

Malama ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Honorabul, lokacin kamfen ka shigo gidana, ka zauna, ka sha ruwan randana, ka ce kai na kowa ne. To yau ni ba na cikin kowa ɗin?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗago, ya ce, "Ku yi haƙuri, za a duba. Ƙasa tana cikin jarrabawa, mu dage da addu'a." Sannan ya sa aka kawo mana ruwan leda ɗai-ɗai. Wallahi na riƙe nawa har gida, na rasa ko in sha ko in yi kuka.

Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa, wai na ja Kiristoci mun je a ƙwace ruwan masallaci. A Islamiyyarmu wata da muka yi shekaru muna zama tare ta janye tabarmarta daga kusa da ni. Wannan ya yi mini ciwo fiye da ƙishin. Maigidana ya ce, "Ke da ba kya magana, ranar da kika tashi buɗe baki sai a kan Honorabul?" Amma bai hana ni ba, shi ma kafaɗarsa ta gaji. Muka yi ta sintiri gidan kansila, yau ya tafi sakatariya, gobe ya shiga taro, jibi za a duba.

Da na gaji sai na bi hanyar da mata suka sani, na shiga wurin matar limaminmu. Na tarar da ita tana karkata randa tana kwalfar na ƙasa. Muka kalli juna muka fashe da dariya. Ashe gidan liman ma da buta ake shan ruwa. Ita ta kai maganar, tsohon ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Allah ya gafarta Modibbo."

Ya ce, "'Yata, na ji abin da ake faɗa a kanki, ki bar su. Ni ba wanda ya shawarce ni. Na je ta'aziyya Wuro Hausa, na dawo na tarar ana haƙa. Na yi shiru don kada a ce liman ya kori alheri, kuma shirun nan bai yi kyau ba. Ƙofa kam ba zan buɗe ba, rayukan mutane ne. Amma katanga ba ta salla. A huda ta."

Shi ke nan fa. Abin da muka yi watanni muna yi wa zarya, ashe rami ne da bai fi faɗin hannu ba. Mazan layi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, mijin Malama ya kawo mai gyaran famfo, aka zuro bututu ta katanga, aka kafa kawunan famfo a waje. Masallata suna alwalarsu a ciki, mu muna ɗiba a titi.

Kuna tsammanin an gama? Washegari sai ga rumfa da kujeru da mai hoto. Honorabul ya zo buɗe famfo. Aka ɗaure kawunan da ƙyalle, aka ce kada wanda ya taɓa sai an yanka. Muka tsaya a rana da bokitanmu yana jawabi, wai wannan tunani ya daɗe a ransa, domin shugaba uban kowa ne. Malama ta matso kunnena ta ce, "Maman 'yan biyu, riƙe ni, kada in yi abin da za a kore ni daga aiki."

Yanzu idan na ji ana gardama a rediyo, wasu na cewa shugaba ya ajiye addininsa a gida, wasu na cewa ina, sai in tuna kansilan nan. Ni ba na son shugaban da ba ya tsoron Allah, Allah ya raba mu da shi. Addininsa ya hana shi sata, ya hana shi ƙarya, ya tashe shi tsaye idan ya ji yaro na kwance. Amma kada ya zaɓa masa wanda zai sha ruwa. Namu bai saci ko bututu ba, lahirarsa kawai ya tashi ginawa da kayan jama'a, kuma har ya sauka bai gane abin da ya yi ba. Shi ya sa har yau idan na tuna sai in ji abin ya tokare ni, don mugu ka san yadda za ka yi da shi, mai neman lada da haƙƙinka fa?

Kansilan da muke da shi yanzu ɗan cocin su Malama ne, shi ma mutumin kirki. Kwanan baya aka ba mazaɓa fitilun titi masu hasken rana. Kwanar da ake tare yaranmu ana ƙwace musu waya tana nan cikin duhunta, harabar coci kuwa ko allura ka yar za ka tsinta. Na ga wannan kam ba bakina ba ne. Sai ga Malama da sassafe, ta yi ritaya yanzu, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa.

Ta ce, "Kin ga abin da namu ya yi?"

Na ce, "Na gani."

"Ke za ki yi maganar, ni in tsaya a bayanki, ko ni zan yi?"

Na ce, "A'a Malama, wannan karon ke ce gaba. Ni ma in ɗan huta da baƙin jini."