Abu na Tara a Yajin Ozella

Shekara arba'in da ɗaya Lemuel Crenshaw ya yi yana yi mana bandar talo-talo, kuma shekara arba'in da ɗaya yana karɓar yabon da rabinsa ba nasa ba ne. Ba sharri nake masa ba, Allah ya ji ƙansa. Wutar dai tasa ce. A duk bakin kogin Yazoo ban ga wanda ya san wuta kamarsa ba. A injin yankan katako ya ƙare ƙuruciyarsa, mutum ne dogo marar magana, in ka gaishe shi da safe sai azahar amsar ta iso. Amma ya yanka wani tsohon duro ya yi masa murfi, yana busar da itacen pikan shekara guda kafin ya sa shi a wuta, kuma da tafin hannu yake taɓa murfin ya san ko naman na son ƙari ko ragi. Duk Ranar Godiya, bikin ci da sha na ƙarshen kaka, cocinmu na kai masa talo-talo takwas, ya dawo da su jajawur suna sheƙi.

Yajin kuwa na matarsa ne, Ozella, ƙawata tun muna tsinkar auduga a gona ɗaya. Ana saura kwana uku biki za ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ka ji turmi na ƙara, sannan ta fito da gwangwanin kofi cike da jan gari ta ajiye masa. Shi kuma ya kwaɓa da man shanu ya cusa a ƙarƙashin fatar tsuntsun. Mutane su ci su ce, "Kai, Ɗan'uwa Lemuel, hannunka da albarka!" Ita tana gefe tana yanka burodin masara, ko ɗaga kai ba ta yi.

A wurinmu mace ba ta hana 'yar'uwarta sirrin girki, wannan rowa ce. In kika tambaya za ta lissafa miki komai tana murmushi, sai ta rage abu ɗaya. Kin san ta rage, ta san kin sani, ki yi godiya ki tafi. Abin da aka rage, sai tsufa ya zo ake raɗa wa 'ya mace. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tarar. Ozella ba ta haifi mace ba, ɗa ɗaya gare ta, shi ma yana can Detroit. Tsufan ma bai jira ta ba. Cikin watan tara ta fita shanya, ta faɗi tsakanin zannuwan gado, kafin a kawo mota ta cika.

Saura mako biyu Ranar Godiya na ga Lemuel ya shigo tsakar gidana rungume da gwangwanin nan kamar jariri.

"Pearlie, kina nan?"

"A'a, na tafi Memphis. Wa kake gani a kan kujerar?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a matakala ya buɗe murfin ya miƙo min. Ɗan abin da ya rage a ƙasa bai wuce cokali uku ba.

"Dikin Purvis na coci ya ce takwas za su kawo, kamar kullum," in ji shi. "Ban san abin da ke ciki ba."

"Shekara arba'in kana shafa abu da hannunka ba ka san mene ne ba? Da guba ce fa?"

"Na taɓa tambaya. Shekarar aurenmu."

"Ta ce me?"

"Ta ce in kula da wutata."

Na so in yi dariya, hawaye ya riga ta. Muryar Ozella ce sak.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa ta taɓa lissafa min, shekaru ashirin da suka wuce, kuma ban manta ko ɗaya ba, don wadda ba ta iya riƙe alƙalami ba kanta ne takardarta. Gishiri, mazarƙwaila, garin tattasai, barkono, masoro, tafarnuwa, busasshiyar albasa, da ganyen seji. Takwas. Fuskarsa ta saki, har ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Lem," na ce. "Akwai na tara."

"Wane ne?"

"Da na sani, da tuni talo-talona ya kori naka daga kan teburin coci."

Washegari muka fara. Ya kawo fukafukan kaji don gwaji, na haɗa takwas ɗin, ya hura wuta. Muka ci. Da daɗi, ban ce babu ba, amma daɗin da kowace mace a Mississippi za ta iya. Na Ozella, bayan zafin barkono ya kwanta, akwai wani abu da yake tasowa a can bayan harshe, ɗan ɗaci-ɗaci, ɗan sanyi-sanyi, ya sa ka sake miƙa hannu. Namu barkono na kwantawa sai shiru.

Muka shiga kicin ɗinta. Kwalabe sun fi talatin a kan kanta, babu wadda aka rubuta wa suna. Muka bi su ɗaya-ɗaya muna shinshinawa kamar karnukan farauta. Muka gwada citta. Muka gwada kanumfari, kirfa, ɓawon lemo, har garin kofi, don Lemuel ya ce wataƙila gwangwanin ne yake ba da ɗanɗanon.

"Wannan karon kamar ya yi kusa," in ji shi ranar kanumfari.

"Kusa da maganin ciwon haƙori, e."

Bayan gida tana da ɗan lambu, sanyi ya ƙone shi ƙurmus, ba ka gane ganyen miya da ciyawa. Ya durƙusa yana murza busassun karare yana kaiwa hanci. Tsoho mai shekara saba'in, gwiwa a ƙasa. Na juya na dubi wani wuri.

Kuskurenmu shi ne, duk gwajin da muka yi sai mun ɗebi ɗan na gwangwanin mun ɗora a harshe don mu kwatanta. Ɗan kaɗan ni, ɗan kaɗan shi. Ran kwana na tara na leƙa na ga saura cokali ɗaya, na fizge gwangwanin na danne murfin.

"Ya isa. Muna nemanta muna cinye ta."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Me ya sa kuke yin haka, ku mata?"

Me zan ce? Macen da aikin gona na mai gona ne, gida na miji ne, suna ma na miji ne, abu ɗayan nan ne kaɗai nata. Amma ba a gaya wa mai makoki haka. Na ce masa ya je ya faskara itace.

Da kayan yaji takwas ɗin ya yi bandar talo-talon. Ranar biki aka jera su a teburin coci, aka yi addu'a, aka yanka. Ina kallon bakin mutane ina jira wani ya tsaya da tauna. Babu wanda ya tsaya. Dikin Purvis, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya miƙe da cinya a hannu.

"Jama'a, ku ji ikon Allah! 'Yar'uwa Ozella ta tafi amma ɗanɗanon bai tafi ba. Daidai da na bara, ko gishiri bai bambanta ba!"

Aka ce amin, aka tafa. Na dubi Lemuel. Da sun ce abin bai yi ba, ina jin da ya fi masa sauƙi. Shekara arba'in tana rufe ƙofa tana daka, ashe duk cocin nan babu harshen da ya taɓa jin abin da take sawa, sai nawa da nasa. Ya ɗauki hularsa ya fita, ko loma bai kai baki ba.

"Lafiya, Ɗan'uwa Lemuel?" Dikin ya kira.

"Ci naka, Purvis," na ce. "Kai ko takalmi aka yi maka banda za ka ce amin."

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, ya zo da abu a naɗe cikin takarda. Cinyar talo-talo ɗaya ce, da ɗuminta. Ya hura duron nan gaba ɗaya saboda ita. Cokalin ƙarshen ya shafa mata.

"Na ce gara mu ci da ya lalace a gwangwani," in ji shi. "Ki natsu, Pearlie. Ke kin fi ni harshe."

Ya raba biyu da wuƙar aljihu. Muka zauna a baranda muna ci a hankali. Gishiri ya zo, zaƙi ya zo, barkono ya taso ya kwanta, sai ga shi nan, a bayan harshe. Na rufe ido. Na san shi, wallahi na san shi, kamar fuskar da ka saba gani a kasuwa sunan ya ƙi zuwa. Na riƙe lomar ƙarshe a baki har ta zama ruwa. Dole na haɗiye.

Yana kallona. "Mene ne?"

Na yi tunanin in yi masa ƙarya, in kama sunan wani ganye in ba shi ya tafi da shi. Amma gwaji ɗaya zai yi ya gane, sai ya zama ya yi rashi biyu.

"Ban sani ba, Lem."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe zaune da yatsunsa a hanci, har na tabbata babu sauran ƙamshi a jikinsu. Sannan ya ce, "To. Ta tafi da abinta." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya sauka matakala.

Bai ƙara hura wuta a duron ba. Da shekara ta zagayo Dikin ya je har gida yana roƙo, ya ce masa bayansa ke ciwo. Coci ta sayo gasassu daga kanti a cikin gari, mutane suka ci suka suɗe yatsu. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana zuwa bikin kowace shekara, ya ci ganye da burodin masara, in aka miƙo masa farantin nama ya miƙa wa na kusa da shi.